Jan ƙafar kwamfutocin ofis: inda gizo ke saƙar

Ƙorafin da ya fi yawa a kunnen masu kula da kwamfutoci a wuraren aiki bai wuce kalmomi kaɗan ba. Wani ya ce ta yi nauyi, wani ya ce tana jan ƙafa, wani ya ce ta daskare, wani kuma ya ce ai netwok ne yau. Dukkansu gaskiya suke faɗa, amma babu wanda ya nuna inda ciwon yake. Da yake kuma shugabanni na son a ga sun motsa, abin da aka fi saurin yi shi ne a rubuta takardar sayen sababbin kwamfutoci, ko a ƙara ƙarfin intanet. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa sai a kashe kuɗi, a jera na'urori masu sheƙi a kan tebura, ba a jima ba ƙorafin ya dawo yadda yake, domin an bar jaki an daki taiki.

Nauyin kwamfuta jira ne. Duk lokacin da ma'aikaci ya danna maɓalli ya zauna yana kallon 'yar da'irar nan tana juyawa, to akwai wani aiki da ke tsaye a layi a wani wuri, yana jiran a saki hanya. Aikin mai kula da na'urori shi ne ya gano wane layi ne, me ake jira a cikinsa, kuma tun yaushe. Manhajojin sa ido, da allunan zane masu launi-launi, da rahoton ƙarshen wata, duk wannan tambaya suke yi wa hidima.

A fara auna lokacin mutum

A 1968 wani mai bincike, Robert Miller, ya yi rubutu a kan tsawon lokacin da mutum ke iya jiran kwamfuta kafin hankalinsa ya rabu, daga baya Jakob Nielsen ya yaɗa ma'aunin a matakai uku. Idan amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, mutum ji yake nan take abin ya faru. Idan ta kai sakan ɗaya, zai lura da jinkirin amma tunaninsa bai yanke ba. Sakan 10 shi ne iyaka. Bayan nan ya ɗauki wayarsa, ko ya juya yana hira da na kusa da shi, kuma ko amsar ta iso sai ya sake lalubo inda ya tsaya. Na'urori sun ninka sauri ninkin ba ninki tun wancan lokaci, haƙurin ɗan Adam kuwa yana nan yadda aka san shi.

Saboda haka bincike na gaskiya a gefen teburin mai ƙorafi yake farawa. A ɗauka ma'aikaciyar sashen lissafi ce ta kira.

"Injiniya, abin nan fa ya sake fara halin nasa."

"Sannu Malama. Me kike yi lokacin da ya tsaya?"

"Komai ma. Duk abin da na taɓa."

"To yanzu a gabana, buɗe mini wanda ya fi ba ki haushi."

Sai ta buɗe manhajar rubutu, ta buɗe nan take. Ta buɗe burauza, shafi ya fito ba ɓata lokaci. Ta shiga manhajar lissafin kamfani, ta rubuta sunan wani abokin ciniki, ta danna nema, sai aka zauna kusan rabin minti. Maƙwabcinta na tebur ya ɗago ya ce shi ma haka take yi masa, musamman idan wata ya zo ƙarshe. Kafin a buɗe wata manhajar bincike, an riga an san abubuwa uku: "komai" ɗin nan aiki ɗaya ne, ba ita kaɗai ba ce, kuma abin yana da lokacinsa. Sabuwar kwamfuta ba za ta yi mata maganin komai ba, domin jiran ba a kan teburinta yake ba. Tambayoyin da ke raba aya da tsakuwa ke nan: kai kaɗai ne ko kowa? Kullum ne ko wani lokaci? Yaushe ya fara? Me aka canja dab da lokacin?

Abubuwa huɗu da ake rububi a kansu

Kowace kwamfuta, daga ta kan cinya har uwar garken da ke riƙe da bayanan kamfani, abubuwa huɗu manhajoji ke rububi a kansu: furosesa mai yin lissafi, RAM wadda ita ce ma'adanar wucin gadi, faifan ajiya, da hanyar sadarwa. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare zai buɗe Task Manager, inda za a ga huɗun nan kowanne da zanensa. Resource Monitor ya fi shi zurfi. A Linux akwai top da vmstat da iostat, a Mac akwai Activity Monitor. Buɗe su ba wuya. Karanta su ne ke yaudarar mutane.

Ɗauki furosesa. Na zamani a cikinsa akwai ƙananan masarrafai da yawa, huɗu ko takwas ko fiye. Mutum zai ga allo na nuna kashi 25 cikin 100, ya ce ai furosesa hutawa yake yi. Alhali idan masarrafan huɗu ne, kuma manhajar da ke da matsala tsohon yayi ce da ba ta iya raba aikinta, to wannan kashi 25 na nufin masarrafi ɗaya ya cika maƙil, sauran ukun suna zaune. Manhajar ta kai bango, amma jimillar ta ɓoye hakan. Sai an raba zanen an ga kowane masarrafi daban kafin gaskiya ta fito.

RAM kuma akasin haka ake fahimtarta. Ganin ta kusa cika ba shi ne laifi ba, domin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, irin su Windows, da gangan take cika sararin da ya rage da bayanan da take zaton za a sake nema, ta kuma sake shi da zarar an buƙata. Alamar ciwo ita ce lokacin da wurin ya ƙare da gaske, kwamfuta ta fara kwashe abin da ke RAM tana zubawa a faifai, tana sake ɗaukowa. Don a gane munin wannan sai an dubi tazarar sauri. Ɗauko bayani daga RAM na ɗaukar kimanin nanosakan 100, wato kashi ɗaya cikin miliyan goma na sakan. Daga tsohon faifai mai juyawa kuwa kimanin milisakan 10 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. Ninki dubu ɗari ke nan. Da za a ce ɗaukowa daga RAM sakan ɗaya ne, to daga tsohon faifai ya haura kwana guda cur. Daga SSD, wato faifan zamani marar juyawa, kuma mintuna goma sha wani abu. Shi ya sa kwamfutar da RAM ta yi wa kaɗan ba a hankali take raguwa ba. Tana cikin tafiya lafiya, a buɗe ƙarin shafuka biyar a burauza, sai ta durƙushe. Mai kallo zai ga faifai ya kai kashi 100 ya ɗora masa laifi, alhali aikin wani aka jibga masa.

Faifan ma yana da nasa laifin. Tsohon faifai mai juyi 7,200 a minti yana zagayawa sau 120 a sakan, kuma dole allurar karatu ta matsa zuwa wurin da bayani yake, ta jira shi ya zagayo. Idan bayanan a warwatse suke, abin da zai iya bai wuce karatu ɗari da 'yan kai a sakan ba. SSD, da babu abin da ke motsi a cikinsa, yana yin dubun-dubata. Yanzu a duba abin da ke faruwa da safe idan an kunna kwamfuta: manhajar kariya ta fara bincike, manhajar daidaita fayiloli da ma'adanar gajimare ta fara nata, sabuntawa na saukowa, ga tulin ƙananan manhajoji da kowacce ta saka kanta cikin masu tashi tare da kwamfuta. Duka a ƙofa ɗaya. A ganina, cikin duk gyaran da ake yi wa tsofaffin kwamfutocin ofis, babu wanda ya fi yawan biyan buƙata kamar cire faifai mai juyawa a sa SSD, sai kuma rage masu tashin asuba ɗin nan da babu wanda ya gayyace su.

Akwai kuma zafi. Furosesa idan ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salsiyus yakan rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone. Kwamfutar cinya da ƙura ta toshe wa mashigar iska, ko fankarta ta gaji, za ta yi sauri da safe ta yi nauyi da rana, kuma babu manhajar da za a goge ta warke. Haka nan tsarin tattalin batir na rage ƙarfi da gangan.

Wani abin dariya da masu gyara ke yawan gamuwa da shi: a tambayi mutum yaushe rabonsa da sake kunna kwamfuta, ya rantse kullum da yamma sai ya kashe ta, amma Task Manager na nuna ta yi makonni ba ta huta ba. Ba ƙarya yake yi ba. Tun daga Windows 8 akwai tsarin tashi da sauri, wanda idan aka zaɓi kashewa yake adana yanayin zuciyar babbar manhaja a faifai ya maido da shi washegari, da duk tarkacen da ya taru. Zaɓin sake kunnawa ne ke wanke komai.

Me ya sa abu ke lalacewa farat ɗaya

A nan ne ilimin ya fi daɗi, kuma a nan shugabanni suka fi yin kuskure. Tambayarsu ba ta da laifi a zahiri: uwar garke tana aiki a kashi 70 cikin 100, saura kashi 30, me ya sa kuke neman ƙari tun yanzu?

Amsar ta girmi kwamfuta. A 1909 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark, Agner Krarup Erlang, da ke aiki a kamfanin wayar tarho na Kopenhagen, ya fara wallafa lissafin yadda kiraye-kiraye ke taruwa a layi. Daga nan ilimin layin jira ya samo asali. Ka ɗauki taga ɗaya da ma'aikaci ɗaya a bayanta. Da masu zuwa za su riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya a kan ƙa'ida, da zai iya aiki ba tsayawa kuma babu mai jira. Amma mutane ba haka suke zuwa ba. Uku su zo tare, sannan a yi shiru, sannan biyar su faɗo. Lokacin da ya zauna ba aiki ya tafi ke nan, ba ya ajiyuwa don a kashe shi a lokacin cunkoso. Layin da ya taru kuwa yana nan sai an sallame shi. Sararin da ake gani kamar asara, shi ne ke shanye cunkoson.

A lissafi mafi sauƙi, inda buƙatu ke zuwa ba tsari, lokacin amsa shi ne lokacin aikin a raba da kason sararin da ya rage. Aikin da ke ɗaukar milisakan 10 idan babu kowa, zai ɗauki milisakan 20 a kashi 50 na cika. A kashi 80 ya zama 50. A kashi 90 ya zama 100. A kashi 95 ya zama 200, a kashi 99 kuma sakan guda cif. Dubi yadda tafiyar take: daga kashi 50 zuwa 80 an ƙara milisakan 30 kawai, amma daga 90 zuwa 99 an ƙara 900. Na'urorin gaske sun fi wannan lissafi rikitarwa, musamman masu masarrafai da yawa, amma siffar zanen ba ta canjawa. Yana tafiya a kwance, sannan ya miƙe tsaye. Wannan ne bayanin maganar nan da ake yawan ji, cewa jiya lafiya lau take, ba mu taɓa komai ba. Gaskiya ne ba a taɓa komai ba. Ma'aikata ne suka ƙaru kaɗan-kaɗan, bayanai suka ƙaru kaɗan-kaɗan, har aka iso inda zanen ke miƙewa.

Injiniya Brendan Gregg, wanda ya yi aiki a Sun Microsystems da Netflix, ya tsara wata hanya mai sauƙin riƙewa a kan wannan. Ga kowane ɗaya daga abubuwan da ake rububi a kai, a yi tambaya uku: nawa ake amfani da shi, akwai masu jira a layinsa, kuma yana fitar da kurakurai? Ta biyun ita ce mutane ke tsallakewa, kuma ita ce ta fi kusa da abin da ma'aikaci ke ji a jikinsa. Faifan da ke aiki sosai ba mai jira, lafiyarsa ƙalau. Wanda buƙatu suka yi cirko-cirko a ƙofarsa, shi ne mai matsala.

Kafin a sa hannu a aljihu kuma akwai lissafin Gene Amdahl na 1967. Ma'anarsa a taƙaice: gyaran sashe ɗaya ba zai taɓa rage lokaci fiye da rabon wannan sashe ba. Koma kan Malamar sashen lissafi. A ce aikinta na ɗaukar sakan 10, biyu a furosesan kwamfutarta, takwas a jiran rumbun bayanai. A saya mata na'ura mai ninkin sauri biyu, aikin ya koma sakan 9. A saya mata wadda ba a ƙera irinta ba tukuna, ba zai sauka ƙasa da 8 ba.

Kuma sau da yawa maganin waɗancan sakan takwas ba ya buƙatar sayen komai. Rumbun bayanai idan babu fihirisa a kan gurbin da ake nema da shi, to layi-layi yake karanta jadawalin gaba ɗaya. Lokacin da jadawalin ke da layi dubu biyar babu wanda ya lura. Da ya kai miliyoyi, ga kuma rahotannin ƙarshen wata na gudana a lokaci guda, sai kowa ya tsaya. Manyan rumbunan bayanai duk suna iya rubuta jerin tambayoyin da suka daɗe kafin su amsu. A kunna wannan, a duba na saman jerin, a ƙara fihirisar da ta dace, a mayar da manyan rahotanni da kwafin ajiya zuwa dare.

Faɗin hanya daban, nisanta daban

A ɓangaren sadarwa, abubuwa biyu ake cakuɗawa. Akwai faɗin hanya, wato yawan bayanan da za su wuce a sakan, shi ne kamfanonin intanet ke tallatawa. Akwai kuma jinkiri, wato lokacin da saƙo ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo. Ana iya sayen faɗi. Jinkiri kuwa yana da ƙasan da kuɗi ba ya sauke shi, domin haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 ne a sakan. Uwar garken da ke nisan kilomita 1,000, zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba. Mai nisan 4,000 ba zai gaza 40 ba, kafin ma a lissafa tsaye-tsayen hanya.

Milisakan 40 kamar ba komai ba ne, sai ka haɗu da manhaja mai yawan surutu. Akwai tsofaffin manhajojin ofis da aka rubuta su lokacin da uwar garke ke ɗaki na gaba, waɗanda don buɗe shafi ɗaya sai su yi tambaya ɗari biyar, kowacce sai an amsa kafin ta gaba. A cikin gini, inda zuwa da dawowa rabin milisakan ne, rubu'in sakan ke nan. A mayar da uwar garken can nesa a gajimare, ɗari biyar sau 40 ya zama sakan 20. Sai a ninka kuɗin intanet, ba abin da ya canja. Maganin shi ne a matso da manhajar kusa da rumbunta, ko a gyara ta ta rage surutu.

Sauran matsalolin sadarwa na cikin gini ƙanana ne amma suna da naci. Kebul mai gudun gigabit yana buƙatar dukkan wayoyi takwas da ke cikinsa. Idan ɗaya ta katse, na'urori kan sauka shiru zuwa megabit 100, kashi ɗaya bisa goma, ba tare da wani gargaɗi ba. Wi-Fi a zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma duk wanda ke kan tasha ɗaya karɓa-karɓa suke yi.

Sa ido na kullum

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu binciken bayan aukuwa ne. Amma idan aka ce yau furosesan uwar garke na kashi 60, wannan da yawa ne ko kaɗan? Babu amsa sai an san yadda yake a irin wannan rana da irin wannan lokaci idan komai lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a riƙa tara ma'auni tun ana zaune ƙalau, na tsawon da zai kama safiyar farkon mako da kowa ke shiga lokaci ɗaya, da ƙarshen wata, da ƙarshen shekarar kuɗi.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. Ƙa'idar SNMP, wadda na'urorin sadarwa ke ba da rahoton halinsu da ita, tana nan tun 1988. Nagios ya fara a 1999 da sunan NetSaint, Zabbix ya fito a 2001, Prometheus an fara shi a kamfanin SoundCloud a 2012, Grafana mai zana alluna ya biyo a 2014, kuma duka ana iya amfani da su kyauta. Muhawarar wanne ya fi wanne ba ta cika ɗaukar hankalina ba. Ofishin da ya san abin da yake son aunawa zai amfana da kowanne. Wanda bai sani ba zai cika bango da zane ɗari da ba mai kallo.

Babban tarkon shi ne matsakaici. A ce an buɗe wani shafi sau 100 a rana: sau 95 ya buɗe a sakan ɗaya, sau 5 ya ɗauki sakan 40. Matsakaicin bai kai sakan 3 ba, rahoto ya fito kore shar, shugaba ya ce to me kuma ake kuka a kai? Amma ma'aikacin ba matsakaici yake tunawa ba, waɗancan biyar ɗin yake tunawa, musamman wanda ya faru abokin ciniki na tsaye a gabansa. Shi ya sa ƙwararru ke duba wutsiyar jerin: wane lokaci ne kashi 95 ko 99 na buƙatu suka kammala a ƙasa da shi, kuma yaya ragowar suke. Tazarar ɗaukar ma'auni ma tana ɓoye abu. Idan kowane minti biyar ake haɗa lissafi, furosesan da ya toshe na minti ɗaya cur ya huta na huɗu zai bayyana a matsayin kashi 20.

Haka alkawarin rashin yankewa. Kashi 99 cikin 100 yana da daɗin ji, amma a shekara ya ba da damar yankewar fiye da kwana uku da rabi. Kashi 99.9 kusan awa tara ne, kashi 99.99 kuma kimanin minti 53. Kuma na'ura na iya kasancewa a kunne tana amsa gaisuwar manhajar sa ido, alhali babu mai iya aiki da ita. Gara a sa wata 'yar manhaja ta riƙa kwaikwayon ma'aikaci, ta shiga, ta nemi suna, ta buɗe rahoto, ta rubuta sakan nawa aka yi.

Gargaɗi kuwa, yawansa ke kashe shi. Mai kula da na'urorin da wayarsa ke ƙara sau hamsin a rana a kan abubuwan da ke warwarewa da kansu, ranar da na gaske ya zo shi ma share shi zai yi. Abin da ya cancanci a tayar da mutum daga barci shi ne abin da ke hana aiki yanzu, ko wanda zai hana nan ba da jimawa ba. "Faifai ya kai kashi 80" ba labari ba ne idan shekara uku ya ɗauka ya kai nan. "A yadda yake cika, saura kwana biyu" shi ne labari. Faifai ma kan yi kuka kafin ya mutu ta tsarin SMART, inda yake ƙirga guraben da suka lalace. Idan lambar ta fara hawa, a kwashe bayanai a canja shi.

Abubuwa biyu da ake mantawa. Agogon dukkan na'urori su zama ɗaya ta hanyar NTP, ƙa'idar daidaita agogo ta netwok, in ba haka ba ba za a iya jera abin da ya riga wani faruwa ba. Sannan kada mai sa ido ya zauna a kan abin da yake sa wa ido. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kimanin awa shida, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa yawancin kayan binciken da injiniyoyinsa za su yi amfani da su sun tafi tare da hanyar da ta yanke.

Gyara, da abin da ke biyo bayansa

Idan an gano layin, a canja abu ɗaya, a sake aunawa da ma'aunin farko, a rubuta. Wanda ya ƙara RAM, ya sabunta manhaja, ya canja kebul duk a dare ɗaya, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, kuma idan ya ƙara lalacewa bai san me zai mayar ba.

Sabuntawa ita kanta canji ce. Microsoft na fitar da nata a Talata ta biyu ta kowane wata, kuma barin su haɗari ne na tsaro. Amma suna iya taɓa sauri: gyaran raunin tsaron furosesa na Meltdown da Spectre da aka bayyana a Janairun 2018 ya rage saurin wasu ayyuka, kuma waɗanda ke da tsohon ma'auni ne kawai suka iya faɗin ko nawa. Wani lokaci abin ya wuce sauri. Ranar 19 ga Yulin 2024, wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya, kuma da yawa sai da aka bi su ɗaya-ɗaya da hannu. Duk inda ofis ke da iko a kan lokacin sabuntawa, ya fara da 'yan kwamfutoci kaɗan daga sassa daban-daban, ya jira, sannan ya faɗaɗa.

Ma'aunin da ake auna masu gyaran da shi ma yana buƙatar hattara. Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya Charles Goodhart ya lura tun 1975 cewa ma'auni kan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake tilasta cimmawa. Ka ce za ka saka wa sashen kwamfuta a kan saurin rufe ƙorafi, za ka samu ƙorafe-ƙorafe na rufuwa cikin minti goma da "an sake kunnawa", su kuma sake buɗewa washegari da sabuwar lamba.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a ƙetare a ɓoye ba. Manhajar da ke auna lafiyar kwamfuta, da ƙaramin sauyi za ta iya ƙirga danna maɓallan ma'aikaci ko ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa. Wannan sa ido ne a kan mutum, yana da nasa dokoki. A Tarayyar Turai, alal misali, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018 ta shafe shi. Ko ba doka, ma'aikacin da ya zargi ana leƙensa zai daina kawo ƙorafi, kuma ƙorafinsa shi ne ma'aunin da ya fi kowanne saurin isowa. A gaya wa mutane abin da ake tarawa, da wanda ke gani, da tsawon lokacin da ake ajiyewa.

Sayen sabuwa fa? Yana da lokacinsa. Idan ma'auni ya nuna furosesa ne ke toshewa a aikin yau da kullum, an share ƙura, an sa SSD, RAM ta kai iyakar abin da na'urar ke ɗauka, to ta gama nata. Wani lokaci kuma dalilin ba sauri ba ne sam. Microsoft ta dakatar da tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa daga jerin da ta amince da su, don haka akwai kwamfutoci masu ƙoshin lafiya da ba za su hau ba. A takarda, RAM mai gigabait 4 ta isa a ɗora Windows 11, amma wannan don ta tashi ne kawai. Mai aiki da burauza cike da shafuka, ga taron bidiyo, ga babban jadawalin lissafi a lokaci guda, a auna abin da yake ci a ranar da aiki ya fi yi masa yawa, a ɗora sarari a kai, sannan a rubuta takardar saye.